Tiya Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ina awo a Kasuwar Dole.
Tiyata ta kwano ce, bakinta ya lotsa,
amma ba wanda ya taɓa cewa Cima ta tauye shi.

Mutari, ɗan ƙanena, mushen lakwal,
ya tsuguna gaban buhuna da guntun alli.
Ya ce, Gwaggo, mu nan bayan duwatsu
dubu arba'in ne, kujerarmu ɗaya.
Can arewa dubu takwas ne, kujerarsu ɗaya.
Layin nan da kika bi tun asuba
har tawada ta kwana bakwai a yatsanki,
ku biyar ake tarawa a yi mutum guda.

Na dubi yatsan.
Na bar wa maƙwabciya buhun, na bi shi kotu.

Benci mai ƙafa uku da rabi.
Fanka tana juyi kamar ba ta karya ba.
Lauyan gwamnati ya warware taswira,
tafinta yana bin sa a baya yana tsince mana:
wai bisa ƙidaya aka ja layin.
Wace ƙidaya?
Ta lokacin da unguwarmu gonar gyaɗa ce da kuka biyu.
A cikin layin nan na haifi shida,
a ciki muke jeren jarka
sai ukun dare famfo ya yi tari ya tofa mana.
Takarda ba ta ji kukan suna ko ɗaya ba.

Sai wani dogo ya miƙe daga bencin baya,
Agali, kwana biyu a bayan babbar mota.
Ya ce, ku da ƙafa kuke zuwa ƙofar wakilinku,
ku buga, ku zage shi, ku komo kafin la'asar.
Mu daga rijiya zuwa rijiya yini ne.
In an zuba mu cikin dubu arba'in ɗinku
wa zai san sunan rijiyar da ta rufta bara?

Maganar ta zauna mini a ƙirji.
Na san irinsu. Kanwa da dabino suke kawo mini,
su ɗaure gero su juya, ba su ko sha inuwa ba.

Alƙali ya tuɓe tabarau, ya murza ido.
Ya ce, ke mai awo, a wurinki yaya ake yi?

Na ce, ranka ya daɗe, tiya ɗaya ce.
Da ita nake auna wa matar liman,
da ita nake auna wa majemi mai warin fata.
Wanda ya fito nesa ina yi masa gyara,
tafi ɗaya, wani sa'in biyu.
Amma ban taɓa jin gyaran da ya ninka awo biyar ba.
Wannan ba gyara ba ne,
wani aka ɗebe wa.

Ya daɗe yana rubutu.
Ya ce ja layi ba aikinsa ba ne,
aikinsa ya ce wannan ya karkace.
Ya mayar wa masu shi taswirarsu da wa'adin wata shida:
a ƙirga masu rai,
kada kuma a manta da nisan rijiya.

Mutari ya so ya yi tafi, ɗan sanda ya harare shi.

A waje, gindin dogon yaro,
Agali ya miƙo mini gorar ruwansa.
Bai ce ya yarda ba, ban ce na ci ba.
Ya tambayi kuɗin gero bana. Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

Yau wata huɗu.
Ban ga mai ƙirga ya shigo lungunmu ba tukuna,
amma na gaya wa jikoki:
in ya zo ina kasuwa, ku zaunar da shi,
ku tashi har jaririn Barira ya gan shi da idonsa.