Allon Shagon Fiza a Barnawa

Oga Yashim ya miƙo mini alli,
ya ce, "Bilhatu, harshenki ba ya ƙarya,
rubuta mana abin kora fiza."
Kwalaben ruwan inabi tara ya jera a teburin roba,
sunayensu duk sun fi ƙarfin bakina.

Na fara da jan.
Ya ɗaure mini dasashi kamar ɗanyen goro,
sai da cuku ya shigo ya raba faɗan.
Na ce to, zauna kusa da mai kilishi.
Farin ba ya shiri da zafi,
mu kuwa wutarmu sai ta ga dama.
Na goge shi da gefen hannu.

Akwai wata mai ƙyalli a wuya.
Wa zai ba da kuɗin buhun masara
don ya jiƙa gurasa?
Ta koma kwalinta.

Uku suka tsira, allo da sauran fili.
Sai na tuna Tukur mai gyaran waya,
da ke ƙetaro gada duk Asabar
da 'ya'yansa biyu, suna korawa da ruwan leda.
Na sa zoɓo mai kanumfari,
kunun aya, lemun citta mai karce maƙogwaro,
duk da alli ɗaya,
ban ja layi a tsakani ba.

Oga ya karanta, ya sosa ƙeya.
Tanderu ya yi ja, albasa ta soma ƙamshi.
Ya ce, "Zoɓon nawa za mu sa?"
Na ce, "Kurɓa tukuna."