Mai Gyaran Janareta

A Titin Faransa, cikin Sabon Gari,
nan rumfata take, ƙarƙashin kwano mai tsatsa.
Shekara goma sha bakwai ina gyaran janareta.
Da kunne nake gane ciwon inji
tun mai shi bai gama bayani ba.

Inji ba ya mutuwa rana ɗaya.
Da tari yake farawa,
sai numfashi sama-sama,
ƙwan fitila ya yi ja, ya dawo, ya sake yin ja,
mutanen gida su ce ai lafiya lau, tunda yana ƙara.

Ran Laraba Briskila ta kawo mini tuwo.
Na goge baƙin mai, na wanke hannu,
na kai loma baki.
Ta ce, "Baba, yau ma ka manta?"
Na ce, "Da me?"
Sai ta rufe ido, ta haɗa 'yan tafukanta,
ta yi godiyar da ni na koya mata
tun harshenta bai iya sunan Yesu daidai ba.
Lomar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Kada a yi mini ƙage, ban bar zuwa sujada ba.
Kowace Lahadi ina benci na huɗu, kusa da taga,
riga a goge, baiko a aljihu.
Bakina ya haddace waƙoƙin, yana rerawa ba da ni ba,
ni ina can ina lissafin bashin Oga Chidozie
da fistan ɗin da zan nemo a Ƙofar Ruwa.
Fasto ya ce amin, na ce amin,
ban san abin da na amsa ba.

Ni ne fa yaron da ke riga zakara tashi
a ƙauyenmu, can bayan Rano,
in durƙusa bakin rumbu ina hira da Allah
kamar wanda ya tsinci abokinsa a hanyar rafi.
Ina yaron ya shiga?
Ba wanda ya kore shi.
Ni na bar shi tsaye a tasha, na ce ina zuwa.

Daren nan na jawo aljihun tebur.
Littafin na ƙarƙashin rasitai da tsofaffin batura,
katin bikin Tabita a tsakiyarsa, inda na tsaya,
Tabita da yanzu ke goyon na biyu.

Na kwance kaina kamar yadda nake kwance inji.
Ban tarar da wani ƙarfe ya karye ba.
Filogi ne ya yi baƙi ƙirin,
hanyar mai ta toshe da ƙananan abubuwa:
gajiya, da wayar da nake latsawa har barci ya sace ni,
da fushin da na riƙe wa ƙanena Filibus
tun ranar rabon gona.

Da asuba na ji ƙarar butar Malam Sabi'u mai walda,
ya tashi ganawa da Ubangiji, ni ina naɗe a zane.
Kunya ta taɓa ni a kafaɗa.
Na sauko, gwiwoyi suna ƙas-ƙas.

Ya Yesu, ga ni, hannuna duk baƙin mai.
Kalmomin sun gudu, sai sunanka ya rage.
Na ja igiya sau ɗaya, shiru.
Na sake ja, shiru.
A na uku wani abu ya yi tari a ƙirjina,
idona ya kawo ruwa.

Ban ce ya kama ba tukuna.
Na san halin injin da ya daɗe a ajiye,
sai an tayar da shi kullum kafin ya daidaita.
Amma na buga wa Filibus waya, ya ɗauka.
Da rana kuma, da tuwo ya iso,
na riga Briskila rufe ido.