Laraba a Garwa

Ran da aka danƙa min makullin ofishin sama
na kamfanin dakon auduga da ke bakin gada,
Sali na da wata biyar.
Ina sa hannu a takarda, nono na tsatsafowa a rigata.
Na ja gyale na rufe,
na ce wa maza goma sha ɗaya gumin Garwa ne.

Sai aka haɗa ni da Hajiya Tabawa,
wadda ta riƙe banki a Marwa shekara da shekaru,
ta ajiye, ta koma sauraron masu riƙo.
Kowace Laraba bayan la'asar
takan sauko daga bayan ɗan babur
da jakar fata da ta ga jiya ta ga yau
da gorar zoɓo mai raɓa.

Na zaci laƙani za ta ba ni.
Na sayi littafi, na fiƙe fensir.
Ta ce, Dijatu, ɗazu da kike waya, muryar wa kika ara?
Na ce tawa ce.
Ta ce, da ita kike kiran Sali?
Fanka na ta juyi a kanmu, ban amsa ba.
Muryar tsohon darakta ce,
mai buga tebur kafin ya gaisa.
Na gaje ta tare da kujera.

Laraba ta huɗu na nuna mata takardar gargaɗi
da na rubuta wa Hamajoda mai awo:
makara sau tara cikin wata.
Ta karanta, ta juya bayan takardar, fari fat.
Ta ce, kin ƙirga safiyarsa.
Kin san yadda take farawa?

Washegari na kira shi, ya tsaya yana murza hula.
Matarsa na asibiti tun azumi.
Shi ke yi wa yara uku wanka, shi ke dama koko,
ya kai autar Rumde Ajiya wurin kaka
sannan ya nufo sikeli.
Ya ce, Madam, na yi shiru ne
kar a ce namiji ya kawo uzurin mata.
Ni da na ɓoye nono a gyale,
me zan ce masa?

Na mayar masa da shigowa ƙarfe tara.
Ɗakin tsofaffin fayil, inda gara ke cin rasit,
muka share, muka shimfiɗa tabarma, muka girke randa.
Can Habsatu ke shayar da 'yan biyunta,
can nake shayar da nawa.
Ƙofa a rufe take, amma kowa ya san dalili.

Ba kowa ya yi murna ba.
Alhaji Bappa mai hannun jari ya ce,
ashe gidan raino muka buɗe?
Na ji tsohuwar muryar ta taso har maƙogwaro.
Na haɗiye ta,
na miƙa masa lissafin motocin da suka tashi kan kari.
Ya gyara tabarau, ya daɗe.
Bai ce na yi daidai ba,
ya dai nemi a ƙaro shayi.

Laraba ta ƙarshe Binuwai ya ja baya,
masu wanki sun baza zannuwa kan yashi.
Na ce, Hajiya, littafin nan fa babu komai ciki
sai tambayoyinki goma sha bakwai.
Ta ce, mai nuna hanya ba ya ara miki ƙafa.
Ta shanye zoɓon, ta ɗaga wa ɗan babur hannu.

Har yau nakan yi tsawa. Jiya ma na yi,
sai dai na sauko bene na nemi yaron motar
na ba shi haƙuri a gaban abokansa.

Sali ya fara tatata.
In ya faɗi ba na rugawa in ɗauke shi.
Nakan tsuguna can gaba kaɗan,
in buɗe hannu,
in ce, ina za ka?