Ɗan Mahaƙin Rijiya

Ni ne Yadullahi, mai kwafar littafi a kasuwar Yazdu.
Shekara goma sha tara na feƙe alƙalami
ƙarƙashin hasumiyar iska ta gidan Mulla Safar-Ali.
Abin da na gani shi zan faɗa,
sauran na bar wa masu ƙarin gishiri.

Ubansa mahaƙin rijiya ne a Taft,
cikin masu sa fararen kaya kafin su sauka,
don in rami ya rufta, sun riga sun sa likkafani.
Yana ɗan shekara tara aka zura shi da igiya,
fitilar mai a hannu, gaba saba'in.
Ya ɗaga kai, sama ta koma kamar dirhami guda.
Ya taɓa ce mini: duk karatun da na yi
sharhi ne a kan wannan ɗaga kan.

Ya tafi Isfahan da busasshiyar gurasa a ɗaure,
ya ci manɗiƙi, ya ci hikimar mutanen da,
ya dawo da tari, da furfura a gefen kunne,
da tambayar da ta hana shi cin tuwon kowa lafiya:
abu da samuwar abu, wanne ne bako a gidan wani?

Littafinsa goma sha ɗaya.
Bibi Gauhar ce ta saƙa kuɗin takardarsu,
zare bayan zare, har idonta ya riga nasa gajiya.
Na bakwai shi ya ja masa magana.
A ciki ya ce: dubi rijiyoyin nan a jere cikin hamada,
kowacce da sunanta, da mai ita, da shari'ar gado a kanta,
amma ruwa ɗaya ke ratsa ƙarƙashinsu
daga dutsen da babu wanda ya haƙa.

Alƙali ya kira shi gaban jama'a:
wato rijiya ita ce ruwan?
Mulla ya gyara rawani, ya yi tari mai tsawo.
Ban ce ita ce ba, in ji shi.
Cewa na yi, ranar da ya janye, rami ce.
Aka sallame shi, amma shekara biyu
ba wanda ya gayyace shi ɗaurin aure.

Kada ku ɗauka waliyyi nake zana muku.
Yana da saurin fushi, yana ɓoye alewa a bayan littattafai.
Ya yi kwana uku bai amsa sallamata ba
saboda ɗigo ɗaya da na manta.
Ladan wata bakwai nake binsa har gobe.
Amma na sha jinsa kafin asuba, ta bayan bango,
yana kiran Suna ɗaya, a hankali,
kamar mai tsoron tashin jariri.

Da ido ya tafi, saura babi guda a na ƙarshe,
babin da ya ce zai yi maganar ruwan kansa.
Ya ce a kai shi Taft.
Mu huɗu muka riƙe igiya, ya sauka cikin fararen kaya,
fitila ma ya ce a bar ta.
Daga hantsi har inuwa ta juya.
Da muka jawo shi, gemunsa na ɗiga,
na buɗe tawada, na ce: Mulla, me zan rubuta?
Ya ce: akwai sanyi.
Na jira. Bai ƙara ba.

Ya rasu lokacin da rumman ke tsagewa a reshe.

Har yau in na kwafi littafin
nakan bar ganye bakwai farare a ƙarshe.
Masu saye su ce an rage musu.
Ni kuwa ina lissafa kuɗinsu cif,
don su ne suka fi ba ni wuya.