Buhun Bappayo

Wata uku ina wa Alhaji Bappayo aiki
A fadamar Dadin Kowa, ƙasan madatsa.
Na yi dashe har farcena ya zube,
Na kori jan-baki har murya ta dushe,
Ko sisi bai shiga aljihuna ba.

In na je, ya ce, "Gidado, ƙara haƙuri,
Dillalan Tudun Hatsi sun riƙe mini kuɗi."
Ya ɗaga gilashin mota, ya wuce.
Haƙurin nan na kai wa Dudu gida,
Ta zuba a tukunya, bai dahu ba.

Makullin sito yana rataye a wuyana,
Shi da kansa ya rataya mini.
Daren Laraba zuciya ta shimfiɗa buzu,
Ta zama malam, ta zama alƙali,
Ta kira kanta shaida, ta rantse:
"Guminka ne a cikin buhunan nan.
Ɗauki ɗaya, ko rabin bashinka bai kai ba."

Na ɗauka.
Kwaɗi suka yi shiru da na wuce,
Ko kuwa kunnena ne ya toshe, ban sani ba.

Na sha ɗaukar biyu a kafaɗa ina raha,
Wannan guda ɗaya ya lanƙwasa ni.
Ina kaiwa bakin titin Biu
Ladan ya ɗaga murya a masallacin langa-langa,
Ban taɓa jin Asuba ta yi sauri haka ba.

Na sauke kaya, na tsuguna da buta,
Na wanke hannu sau uku, na ƙara,
Ƙaiƙayin shinkafa bai bar tafina ba.

To, ina zan ajiye shi in yi salla?
In na sa shi gaba, ya tsaya tsakanina da alƙibla.
In na bar shi baya, raina ya ce,
"Kada ɓarawo ya zo ya ɗauke."

Ɓarawo.
Daga bakina kalmar ta fito,
Na waiwaya, ban ga kowa a wurin ba.

Da wani zai saɓa shi ina sujada,
Ya ce 'yarsa na kwance da zazzaɓi,
Ya ce shi ma an cinye masa lada,
Wane suna zan kira shi da shi?
Kowane ɓarawo da uzurinsa a aljihu,
Ni ma ban fito hannu wofi ba.

Na koma da shi kafin gari ya waye,
Na jera shi inda na cire shi,
Na zauna a ƙasa ina haki kamar jaki.
Ban yi jam'i ba ranar, ni kaɗai na yi,
Na daɗe goshina bai bar ƙasa ba.

Da hantsi na sami Liman Hammari,
Na zayyana masa har da na daren.
Ya ce, "Bashinka na wuyan Bappayo,
Zai biya a nan, ko ya biya a can.
Amma ya ba ka makulli ne amana,
Zaluncinsa bai mai da haram halal ba.
Tashi, mu je masa da rana tsaka."

Muka je, da shaidu biyu da mai unguwa.
Ya yi ta muzurai, ya ƙirgo rabi,
Ya ce saura sai bayan girbi.
Na cire makullinsa na ajiye a tabarma.

An yi girbi, an kai kasuwa, an dawo,
Har yau sauran bai iso ba.
Dudu ta auno dawa tiya biyu,
Tuwon ya yi baƙi, miyar ba nama,
Na ci, na sha ruwa, na miƙe ƙafa,
Ban farka ba sai da ladan ya kira.