Inda Ruwan Bokiti Ke Zuwa

Daren Talata ta shigo gidan tsofaffi na Cambados,
ba sallama, ba ƙarar takalmi.
Kafin asuba ɗaki tara sun kwanta,
amai da gudawa.
Don Breixo, mai kurin bai taɓa jinya ba,
ya riƙe hannuna kamar ɗan yaye.

Ni ce mai goge-goge, Sabela,
shekara goma sha ɗaya da tsumma a hannu.

A sito galan uku ke kallona.
Na fari mai hoton ganye, mai ƙamshin lemun tsami,
an yi masa kirari har gindi.
Na sa tabarau, na juya bayansa:
ba sunan cutarmu cikin waɗanda yake kashewa.
Ƙamshi ba ya korar abin da ba shi da hanci.

Na biyu bilic, tsohon soja,
ba ya tambaya, ba ya barin baya.
Amma na san tarin da yake tayar wa Doña Ermitas,
na kuma san inda lambatunmu ya nufa:
bakin teku, inda ƙanwata Iria
ke duƙawa in ruwa ya janye,
tana tonon kumba a yashi, sanyi har gwiwa.
Abin da na zubar da safe
ina tsoron shi take takawa da yamma.

Na uku ba hoto, ba ƙamshi,
sai suna mai karya harshe, haidirojin feroksaid.
Nas Xiana ta ce in ya gama aiki
ruwa yake komawa, da iskar da muke shaƙa.
Sharaɗinsa guda: a bar shi ya jiƙa,
kar a share sai mintin da takarda ta faɗa ya cika.

Ni kuwa da gaggawa aka haife mu.
Na fesa mariƙin ƙofa, na tsaya.
Makunnin fitila, na tsaya.
Ƙarfen gado, inda yatsu ke lalube cikin dare,
na tsaya ina cizon leɓe, ido a agogo.

Inda aka yi amai a ɗaki na huɗu
ban yi gardama ba, bilic na ɗauko,
awo da murfi, taga a buɗe.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kwana shida.
Ran Litinin Don Breixo ya nemi romon kifi,
ya ce gishiri bai ji ba.

Na wanke hannu da sabulu,
na juye bokiti,
na saurari ruwan yana gangarawa
wajen Iria.