Akwati Mai Ƙofa

Shekara sha tara na yi a masana'antar Korat,
cikin farin kaya, takunkumi har gindin ido,
ina ɗora allura a kan faifai.
Ko hoda ba a bari mu shafa.
Ƙwayar ƙura guda, in ji shugaban layinmu,
dutse ce a gaban allurar nan.
Na haɗa dubbai.
Ban taɓa sanin me aka rubuta a ko ɗaya ba.

Da aka sallame mu, na sayi kwamfutar tebur,
baƙin akwati, sai da maƙwabci ya kama mini.
Kullum da sassafe in danna ta,
in je in ɗora shinkafa mai danƙo a kan tururi,
in watsa wa kaji tsaki, in dawo,
tana nan tana ƙir, ƙir-ƙir,
kamar tsoho mai laluben takalmi a duhu.
Ban taɓa jin haushinta ba.
Na san abin da ke juyi a ciki,
wa ya sani ma ko hannuna ne ya haɗa shi.

Sai Nichapha, jikata, ta zo hutu daga Bankok.
Ta zauna, ta danna, ta yi tagumi.
"Kaka Lamduan, kullum haka kike fama?"
Ta kwantar da akwatin a tabarma,
sukuru biyu, murfi ya zame.
Ta zaro wani abu daga aljihu,
bai fi sillen cingam ba.
Ba allura, ba juyi, ba ƙara.
Ta nemo wani gurbi da ban san da shi ba,
ta soka a karkace, ta danne, ta ɗaure.

Washegari na danna.
Kafin in kai bakin ƙofa allo ya waye.
Na tsaya da kwandon shinkafa a hannu
kamar wadda yaro ya riga ta gaisuwa.
Hotunan bikin ɗana, masu fitowa ɗai-ɗai da kunya,
suka zubo mini gaba ɗaya.

Na ce, "To, cire tsohon. Aikinsa ya ƙare."
Ban so muryata ta yi rawa ba.

Ba ta amsa ba. Jaka ta buɗe.
Ga tata kwamfutar, 'yar mitsila, fara sol,
sumul, ko kan sukuru ba a gani.
Sauri kam, ta ce, sai walƙiya,
amma ta cika maƙil.
Ma'adanarta an liƙe da dalma tun daga kamfani,
yadda ka saya haka za ku rabu.
Kana son ƙari? Koma kanti, sayi sabuwa.
Bidiyon aikin makarantarta, wahalar wata takwas,
ba shi da wurin kwana.

Na leƙa cikin akwatina.
Tsohon faifan ko rabi bai cika ba,
ga kuma gurbi biyu a ƙasansa, fanko,
gizo-gizo har ya fara aunawa.

Kwana muka yi ana kwasar kaya.
Ruwa na dukan kwano, kwaɗi na ta nasu a gonar rogo,
layin nan shuɗi yana rarrafe,
ita tana gyangyaɗi a kafaɗata.
Ya ce saura awa uku. Can ya ce huɗu.
Na ce masa, bi a hankali, ba korarka ake ba.

Ta koma ranar Lahadi, ta bar mini sukundireba.

Yanzu injin yana riga ni tashi,
shinkafa ko zafi ba ta ɗauka ba.
Ban saba ba har yau.
Amma in na taɓa jakar da ta sa wa sunanta,
sai in ji tsohon ya yi gyaran murya a ciki,
ƙir,
sai in ja kujera in jira shi.